Filtar Mai a Tsofaffin Motocin Ingila: Jiya Kamfani Ke Zaɓa, Yau Mai Mota

A watan Oktoba na 1980 aka turo motar MGB ta ƙarshe daga masana'antar MG da ke garin Abingdon, kudu da birnin Oxford, aka garƙame ƙofa. An shafe shekara 18 ana ƙera ta, an fitar da fiye da rabin miliyan, kuma mafi yawansu jiragen ruwa ne suka kwashe su zuwa Amurka. A shekarar ce kuma aka daina ƙera Triumph Spitfire a Coventry. Daga nan zamanin ƙananan motocin nan na Ingila masu kujera biyu da rufin tanti ya kama hanyar ƙarewa, motocin da saurayi mai matsakaicin albashi ke iya saya, ya naɗe rufi ya sha iska.

Masana'antun sun shuɗe, amma motocin suna nan. Dubbansu na hawa titi da zarar sanyi ya ja baya, a Ingila da Amurka da Jamus da Ostareliya, kuma kowacce na neman juyen baƙin mai kamar ranar da ta fito fil. A nan ne wata tambaya ke tasowa wadda masu motar na farko ba su taɓa wahalar da kansu da ita ba: wace filta za a ɗaura? A 1965 mutum wurin dilan BMC, kamfanin da ya mallaki MG, zai je, ya faɗi sunan motarsa, a miƙo masa kwali. Injiniyoyin da suka zana injin sun riga sun yanke hukunci. Yau filtocin da za su iya hawa wannan inji sun fi ƙarfin ƙirgen yatsu, kowacce da farashinta da launinta, kuma ba duk wadda ta hau ce ta dace ba. Nauyin sanin bambancin ya sauka daga wuyan kamfani ya koma wuyan mai mota.

Aikin filta ba ɓoyayye ba ne. Famfon mai na zuƙo baƙin mai daga kaskon da ke ƙasan inji, ya tura shi da ƙarfi ta siraran hanyoyi zuwa ƙaranshaf da sauran ƙarafan da ke gogar juna. Ratar da ke tsakanin ƙaranshaf da abin da kanikawa ke kira metal ba ta wuce kashi 1 zuwa 3 cikin dubu na inci ba, kuma siririn man da ke cike ta shi kaɗai ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Ƙurar hanya, da baƙin hayaƙin da ke sulalewa ta gefen ringi, da ɓurɓushin ƙarfen da injin ke zubarwa da kansa, duk a cikin man suke taruwa. In ba a tsame su ba, su za su yi ta kankare metal har ranar da inji zai buga.

Motocin farko ba su da komai sai 'yar raga a bakin bututun famfo, mai tare manyan tarkace, sai kuma zubar da mai akai-akai. A 1923 wasu Amurkawa biyu, Ernest Sweetland da George Greenhalgh, suka fito da filtar da aka sa wa suna Purolator. Irin tata ba ta tace man duka. Tsakurar kusan kashi 1 cikin 10 take yi, ta tace ta mayar kasko, sauran ya wuce zuwa inji da dattinsa, bisa lissafin cewa sannu a hankali duk man zai bi ta cikinta. Da wannan tsari Triumph TR2 ta fito a 1953. Sai a zamanin TR3 kamfanin ya koma tsarin da kowa ke bi yanzu, inda duk ɗigon da ya bar famfo sai ya ratsa filta kafin ya isa ƙaranshaf. Sauyin ya ƙara wa injuna tsawon rai, amma ya zo da sharaɗi. Tunda filta ta tsaya a tsakiyar hanya, ranar da ta toshe, ko safiyar da sanyi ya sa mai ya yi kauri, inji zai rasa mai ɗungurungum in ba a buɗe masa wata ƙofa ba. Shi ya sa aka ƙara wani ɗan bawul mai sifirin, wanda ke buɗewa in matsi ya yi yawa, ya bar man ya kewaye filtar, domin mai datti ya fi babu. A wasu motocin BMC na tsakiyar shekarun 1960, irin su MG Midget da Morris Minor, har 'yar fitila aka sa a gaban direba, mai kamawa ta sanar da shi filta ta cika.

Filtar wancan zamani ba abin murɗewa a jefar ba ce. Gwangwani ne na ƙarfe mai kauri, wanda dogon noti guda ke ratsa tsakiyarsa ya ɗaure shi a mazauninsa, kuma tare suke tsufa da motar. Ɗan cikin ake sauyawa: da farko na dannannen ulu, daga baya na takarda mai ninki-ninki da aka jiƙa da wani ƙaro don ta jure zafi. Kamfanoni biyu suka fi samar da gwangwanayen, Tecalemit da Purolator, kuma akan sami motoci biyu iri ɗaya, wannan da na ɗaya, waccan da na ɗayan. Tsofaffin kanikawan Kano da Kaduna da suka yi aiki a kan Land Rover ta da sun san irin wannan gwangwani, sun kuma san yadda baƙin mai ke bin hannu ya gangara har gwiwa in an zo kwance shi.

Aiki ne da ba ya son gaggawa. A gindin gwangwanin akwai sifirin, da 'yan wosha, da wani faifan ƙarfe da ke tokare ɗan cikin ya manna shi da mazauni. Faifan nan yakan liƙe wa tsohon ɗan ciki, mai sauri ya haɗa su ya watsa a bola bai sani ba. Ya sa sabo, ya ɗaure noti, ya tada inji. Babu yoyo, agogon mai na nuna matsi lafiya lau, alhali man ta ƙarƙashi yake zagaye filtar, ba ya bin cikinta. Mota na iya yin shekaru a haka, kuma har yau masu sayen tsofaffin motoci na buɗe gwangwani su tarar faifan ya daɗe da ɓata. Tarko na biyu shi ne zoben robar da ke kwance a wani siririn kwari a jikin mazauni, inda leɓen gwangwani ke zama. Zafi kan busar da shi har ya yi tauri ya saje da ƙarfe. Idon da bai saba ba sai ya ɗauka babu komai a wurin, a ɗora sabo a kan tsoho. Zobe biyu ba sa riƙe matsi. Ana iya yin 'yar tafiya lafiya, sai ɗaya ya zame, man ya tsiyaye a kan titi cikin 'yan mintuna. Ga shi kuma kwalin ɗan ciki kan zo da zobe biyu ko uku masu kauri daban-daban, saboda kwarin mazaunan ba faɗinsu ɗaya ba, kuma guda ɗaya tak ne ya dace da kowace mota.

Duk da wannan wahala, tsarin na da wata daraja da ba a cika ambata ba. Bawul ɗin kewaye a jikin mazauni ko gwangwani yake, injiniyan kamfani ne ya auna ƙarfin sifirinsa, kuma yana nan daram ko wane ɗan ciki aka saka. Sannan mai mota yana ganin ɗan cikin da idonsa, sabo da tsoho. In ya hangi ƙyalƙyalin ƙarfe a ninkin takarda, ya san injin ya fara ciwo tun kafin kunne ya ji ƙara.

A 1954 kamfanin WIX na jihar North Carolina a Amurka ya yi rajistar filtar murɗawa. Takarda da sifirin da bawul duk an rufe su a siririn gwangwani guda, zoben roba na manne a gindinsa, a murɗa da hannu, in ta gama aiki a kwance a jefar. Amurkawa suka rungume ta cikin 'yan shekaru. Kamfanonin Ingila ba su tafi tare ba: ƙananan injunan Triumph sun karɓe ta da wuri, MG da Jaguar kuwa suka daɗe a kan gwangwani.

Tarihin MGB kaɗai ya isa ya nuna yadda neman sauƙi ya haifi sabuwar matsala. Daga 1962 gwangwaninta a rataye yake, bakinsa na kallon sama, a wani lungu da ke gefen inji inda hannu ke shan wuya kafin ya kai. Wajen 1968 aka juya shi ya tsaya a kife don a riƙa kwance shi daga sama. Wajen 1970 aka maye gurbinsa da filtar murɗawa, ita ma a kife. Bakanike ya huta, inji ya ɗauki nauyin. Filtar da ke rataye cike da mai take kwana. Wadda ke kife kuwa tamkar ƙwarya ce da aka kifa: da an kashe inji, abin da ke cikinta ƙasa zai nufa. Da safe sai famfo ya fara cika ta kafin ɗigo ya kai ga metal, kuma a waɗannan 'yan daƙiƙu injin na juyawa ne da ragowar man jiya da ya shafe ƙarafa. Kowane bakanike ya san tashin sanyi ne ya fi cin inji.

Ta fuska biyu aka tare matsalar. Ta mashiga, akwai faifan roba a bayan ƙananan ramukan da suka kewaye gindin filta, wanda ke buɗewa in mai ya turo, ya rufe in ya so komawa. Ta mafita, akwai bututu tsaye a tsakiyar mazauni, wanda ke shigewa can cikin filtar, ta yadda mai ba zai sauka ba sai wanda ya kai bakinsa. A kan waɗannan biyun ake auna filtar MGB, kafin a zo maganar suna ko farashi. Filtar da aka ƙera don injin da take ratayewa a jikinsa ba lalle ne ta zo da faifan ba. Wadda ta cika gajarta kuma, bututun kan je ya kusa tokarar rufinta daga ciki, ya shaƙe hanyar mai. Ta hau daidai, ta ɗauru tsam, babu yoyo, amma allurar agogo ta ƙi kaiwa inda ta saba. Littafin motar ya ce matsin ya tsaya tsakanin 50 da 80 a agogon mai in ana tafiya, kuma direban da ya ga ƙasa da haka bayan juye yakan fara zargin famfo ko metal, alhali laifin na cikin kwalin da ya sayo jiya. Waɗanda suka san motar sukan auna tsawon bututun, su zura fensir cikin sabuwar filta su auna zurfinta, su tabbatar akwai wadataccen sarari. Ita ma robar faifan iri biyu ce: baƙa ta gama-gari, wadda zafi ke sandarar da ita da daɗewa, da ta silikon, galibi ja ko ruwan lemo, mai riƙe laushinta. Ta ramukan ake hango launin, ba sai an fasa komai ba.

Injin Triumph mai silinda 6 nasa labarin daban ne. An ƙera TR6 fiye da 90,000 kafin a daina a 1976, da inji mai lita 2.5, kuma gwangwaninta a kwance yake a gefen inji. Man kan zurare cikin dare, don haka ƙwanƙwasar da injin ke yi da safe kafin matsi ya hau ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa riƙe irin motar. Kwance gwangwanin ma azaba ce, wuri ya matse, mai kuma ya wanke duk abin da ke ƙasa. Masu sayar da kayan gyara suka fito da adafta ta alminiyom da ake ɗaurawa a gurbin gwangwanin, wadda ke rataye filtar murɗawa bakinta sama, ta kwana a cike. A nan babu hujjar riƙe tsohon tsari sai ga mai kai motarsa gasar nuna asali, inda alƙalai ke zaftare maki a kan duk abin da ba na masana'anta ba. Sai dai adaftar na son lura. Zobe biyu gare ta, na waje mai hana yoyo da na ciki mai raba man da aka tace da wanda ba a tace ba, kuma in na cikin bai zauna sosai ba, babu alamar da za a gani daga waje. Haka nan in tsohon bawul ɗin kewaye ya tafi tare da gwangwani, dole filtar da za a ɗaura ta zo da nata.

Ba kowace mota ce ke buƙatar wannan sauyi ba. Gwangwanin MGA, wadda ta gabaci MGB, da na MGB ta farko a rataye suke, suna riƙe mansu, kuma in kayan cikinsu sun cika, da ɗan ciki na takarda mai kyau, tacewarsu ba ta gaza ta filtar murɗawa ba. Mai irin wannan mota da ya sayi adafta sauƙin hannunsa ya saya, ba ƙarin lafiyar inji ba. Ba laifi ba ne, amma ya kyautu ya san abin da ya biya.

Kasuwar ma ta juya. A 1974 British Leyland, wanda ya haɗe MG da Triumph da Jaguar a inuwa guda tun 1968, ya kafa Unipart don sayar da kayan gyara, kuma lambobin da aka raɗa wa filtoci a lokacin, irin su GFE121 ta MGB mai filta a kife, har yau da su ake ciniki. Unipart ya ɓalle ya tsaya da ƙafarsa a 1987. Yanzu 'yan kasuwa irin su Rimmer Bros na Lincoln da Moss ne ke riƙe da wannan sana'a, tare da ƙungiyoyin masu mota kamar MG Car Club da aka kafa tun 1930, inda ilimin da masana'anta ta tafi ta bari ya koma ya taru. Lambar na nan, amma hannun da ke ƙera abin da ke cikin kwali yana sauyawa. Purolator da WIX, tsofaffin kishiyoyin juna a Amurka, duk sun koma ƙarƙashin kamfanin Mann+Hummel na Jamus, na farko a 2013, na biyu a 2016. Wanda ya amince da wani suna saboda mahaifinsa ya yi amfani da shi a 1975 ya kamata ya sake duba kayan da idonsa.

Jadawalin kwamfutar da ke nuna wace filta ce ke iya maye gurbin wata yana taimakawa, amma bai san akwai bututu tsaye a mazaunin MGB ba. Mafi haɗari kuma shi ne tiredi, wato haƙoran da ake murɗa filta a kansu. Yawancin waɗannan mazaunai da awon inci aka yanka su, kaurin kashi 3 cikin 4 na inci, wato milimita 19.05, da haƙori 16 a kowane inci. Motocin zamani da dama, musamman na Japan, milimita 20 suke amfani da shi, da ratar haƙori ta milimita 1.5. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, saboda haka filtar awon milimita takan hau mazaunin awon inci, ta juya, har ta yi kamar ta ɗauru. Bakin haƙoran kawai ta kama. Ranar da aka tada inji cikin sanyi matsi ya hau, tana iya fincikewa. Filtar da ke rawa a kan tiredi yayin murɗawa ba ta wannan mota ba ce, ko me kwali ya ce.

Araha ba ta ado, kuma duk wanda ya taɓa yanka filtoci biyu ya shimfiɗa takardunsu ya ga dalili: ta arha ninkinta kaɗan ne, gam ɗinta a tsakure, bawul ɗinta ba ya zama daidai. Amma tsada ma ba ita ce amsa ba. Filtar da ake tallar tana kama ƙura mafi ƙanƙanta, ko tana kai mil dubu goma sha, don siririn man injunan yau aka yi ta. Waɗannan tsofaffin injuna mai kauri suke sha, 20W-50, irin wanda Duckhams mai launin kore da Castrol GTX na 1968 suka yi suna da shi. Mai kauri cikin sanyi ba ya ratsa matsattsiyar takarda da sauƙi, kuma duk lokacin da bawul ɗin kewaye ya buɗe, babu tacewar da ake yi ko kaɗan. Filta mai yalwar takarda da matsakaicin tacewa ta fi wa irin wannan inji amfani. Akwai kuma jarabar tsohon kaya da ba a taɓa buɗewa ba. A babbar kasuwar tsofaffin kayan mota da ake ci kowace shekara a Beaulieu, kudancin Ingila, ana samun filtoci cikin kwalinsu na asali, da tambarin shekarun 1970. Abin sha'awa ne a ajiye a kanta. Robar da ta shekara 50 a ajiye kuwa ba abin amincewa ba ce a cikin inji.

Yadda ake hawa motocin shi ma ya sauya lissafi. A da abin zuwa aiki ne kullum, ana juye bisa ƙirgen mil. Yanzu yawancinsu a gareji suke cinye hunturu, ana gudun gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, sai bazara su fito 'yan tafiye-tafiye. Gajeriyar tafiya ba ta dumama mai har ya kori raɓar da ta taru a cikinsa, kafireto kuma kan zubo ɗan fetur ya tsinka shi. Don haka kalanda ce ke mulki yanzu: mai da filta sau ɗaya a shekara, kuma an fi so a yi juyen kafin a ajiye motar, don kada gurɓataccen mai ya kwana watanni a kan metal. Motar da ke yin makonni ba a tada ta ba ita ta fi kowacce buƙatar faifan roba mai rufewa ruf.

Tun daga shekarun 1990 kamfanoni irin su BMW da Mercedes da Volkswagen, daga baya Toyota, suka riƙa komawa ga mazauni na dindindin da ɗan ciki na takarda a injuna da dama, saboda zubar da gwangwanin ƙarfe cike da ragowar mai a kowane juye ɓarna ce ga muhalli. Galibi sun ɗora mazaunin inda hannu ke kaiwa, sun kuma mayar da bawuloli jikinsa, yadda ba za a bar lafiyar inji a hannun duk filtar da aka tsinta a kanti ba. Tunanin da aka gina gwangwanin Tecalemit a kai daidai ne tun farko. Inda aka cusa shi ne ya gajiyar da mutane.

Ga wanda Allah ya mallaka wa ɗaya daga cikin motocin nan, ko bakaniken da aka kawo masa ita, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Bayan an ɗaura sabuwar filta, a bar motar ta kwana. Da safe a tada ta ba tare da taka totur ba, ido a kan agogon mai. In allura ta miƙe cikin daƙiƙa biyu ko uku ta kai inda ta saba, filtar ta dace. In ta yi jinkiri har inji ya fara ƙwanƙwasa, ko ta tsaya ƙasa da inda take tsayawa kafin juye, a kashe inji a cire filtar, ko nawa aka saye ta.